Amsa ga 'yar'uwar da aka ce a ɗauki hoton kan mahaifinta bayan gwajin zuciya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce wata biyu ke nan yana fama da ciwon kai da amai da asuba, an yi masa ECG, wato gwajin da ke zana bugun zuciya a takarda, a Marwa an ga zanen ya canza, sai likita ya ce a yi sikana na kai. Kina tambaya me ya haɗa zuciya da kai.

Na daɗe ina aikin jinya a Garwa, kuma wallahi likitan nan yana kan hanya. Zuciya ita ke buga kanta, amma linzaminta yana hannun ƙwaƙwalwa. Ƙoƙon kai kuwa ƙashi ne, ba ya buɗewa. Idan ƙari ya tsiro a ciki ya kumbura, sai ya matse wuraren da ke riƙe da linzamin nan, jiki ya yi ta zubo sinadarin adirenalin. A takardar ECG sai ki ga tudun da ake kira T ya kife ƙasa da zurfi, tazarar QT, wato lokacin da zuciya ke ɗauka ta matse ta sake shirya wa bugu na gaba, ta yi tsawo, kamar mai ciwon zuciya, alhali jijiyoyin zuciyar lafiya lau.

Ba na manta wani dattijo da aka kawo mana daga ƙauye. Na ɗora yatsu a wuyan hannunsa ina kallon agogo: bugu 44 a minti ɗaya, lafiyayye kuwa 60 zuwa 100 yake yi. Jininsa ya hau, numfashi yana zuwa yana tsayawa. 'Ya'yansa sun ce barci ne ya yi masa yawa. Alamomin nan uku, wato raguwar bugu da hawan jini da rikicewar numfashi, likita Harvey Cushing na Amurka ya bayyana su tun 1901, kuma ma'anarsu matsi ya yi tsanani a cikin kai. Hoto ya nuna ƙari. Da aka ba shi maganin rage kumburi mai suna dexamethasone, kumburin ya sauka, bugun ya dawo daidai. Har yau abin yana sosa min rai, don sun yi watanni suna sayen maganin hawan jini kawai.

Amai ma yana zubar da gishirin potasiyam, raguwarsa kuwa tana ƙara tsawon QT, kuma maganin amai irin ondansetron shi ma yana ƙara shi. Don haka kada ku saya masa komai a kanti, ku kai wa likita duk kwalin maganin da yake sha.

Ban ce ƙari ne da Baba ba, hoton ne zai faɗa. Amma in kin ga ana tashinsa da ƙyar, ko ya yi farfaɗiya, ko gefe ɗaya na jikinsa ya saki, ku tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.