Wace ce Mary Blair, matar da ta zaɓa wa Disney launi?

Tambaya: Malam, 'yata ba ta gajiya da kallon katun ɗin Cinderella. Na ji an ce wata mace ce ta tsara launukansa. Wace ce ita, kuma me ya sa ba a cika jin sunanta ba?

Amsa: Gaskiya aka gaya miki, Hajiya. Sunanta Mary Blair. An haife ta a jihar Oklahoma ta Amurka a 1911, ta koyi zane a makarantar Chouinard da ke Los Angeles, ta kama aiki da kamfanin Disney a 1940.

Tafiyar 1941 ce ta buɗe mata ido, lokacin da ta bi ayarin mai kamfanin, Walt Disney, zuwa Kudancin Amurka. Ta ga kasuwanni da suturar yara a ƙasashe irin su Brazil da Peru, ta dawo tana jera launukan da wasu ke tsoron haɗawa, su kuma zauna daram.

Dalilin ɓoyuwar sunanta yana cikin irin aikin nata. Ba ita ke zana motsin 'yan katun ba. Ƙananan zanuka take yi da fenti, waɗanda ke nuna wa sauran ma'aikata yanayin da kowane sashe zai ɗauka. Ki lura da fadar sarki a Cinderella, fara fat tana ƙyalli can nesa cikin shuɗin dare: wannan idonta ne. Sai dai siffofinta shimfiɗaɗɗu ne, masu wuyar motsawa, don haka masu zanen motsi sukan sassauta su. Wannan yana yi mini ciwo, domin abin da ya iso allo guntu ne daga abin da ta zana.

Ta bar kamfanin a 1953, bayan katun ɗin Alice in Wonderland da Peter Pan, ta koma zanen littattafan yara da tallace-tallace. Walt da kansa ya sake nemo ta domin bajekolin duniya na New York a 1964. A nan aka sakar mata mara, ta tsara It's a Small World, inda baƙi ke shiga kwale-kwale suna ratsa ɗaruruwan 'yan tsana sanye da kayan al'ummomi daban-daban. An kai shi wurin shaƙatawa na Disneyland a 1966, har yau ana shiga.

A otal ɗin Contemporary na Florida, wanda aka buɗe a 1971, akwai katafaren bangon tayil da ta zana. Yara kan ɗaga kai suna neman akuya mai ƙafa biyar a jikinsa.

Ta rasu a 1978. Sai a 1991 kamfanin ya sanya sunanta cikin gwarazansa.