Ƙadandoniya iri nawa ce, kuma yaya ake gane kowace?

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Mai Wurno, kusa da Sennar a ƙasar Sudan. Da ruwan farko ya sauka bana sai ƙadandoniya ta cika lambun bayan makarantarmu, musamman gindin mangwaro inda ganye ya taru. Akwai baƙa mai kauri, akwai siririya ja-ja. Yara suna tsoronta, wasu har suna murƙushe ta da dutse. Iri ɗaya ce ko daban-daban? Tana da dafi? In ina so mu yi nazarinta da ɗalibaina, ta ina za mu fara?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri, ya yi wa yaran albarka. Tsoron da suke yi na shanshani ne suka ɗora wa ƙadandoniya, don haka fara da raba musu su biyun. Sa tsinke ka juya ta a hankali ka dubi cikinta. Jikinta gaɓa-gaɓa ne kamar rake, kuma kusan kowace gaɓa tana ɗauke da ƙafafu huɗu, biyu dama biyu hagu, duk a ƙarƙashin ciki. Shanshani, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke ce wa ummu arba'a wa arba'in, ƙafa biyu kacal gare shi a kowace gaɓa, kuma a baje suke ta gefe. Shi mafarauci ne, ga gudu, ga ƙayoyin dafi biyu a ƙarƙashin kansa, cizonsa kuwa da raɗaɗi. Ita ruɓaɓɓen ganye take ci, tafiyarta sannu-sannu, in an taɓa ta sai ta naɗe. Ba ta cizo, ba ta harbi.

Amma tana da makaminta. A gefen jikinta akwai jerin 'yan ƙofofi da ke fitar da wani ruwa mai wari in ta ji an matsa mata. Na manyan baƙaƙen nan yana ɗauke da sinadarin benzokwinon, shi ne ke rina yatsa ya yi ruwan ƙasa har kwanaki. A wanke hannu da sabulu, shi ke nan. Ido ne abin kiyayewa: in ya shiga, a yi ta zuba ruwa mai tsabta, sannan a ga likita. Yaron da ke murƙushe ta da dutse shi ya fi kusa da wannan fallatsa.

Batun iri kuwa, masana sun raɗa wa sama da iri 12,000 suna a duniya, sun kasa su manyan rukuni 16, kuma har gobe ana gano sababbi. A 2021 aka bayyana wata daga yammacin Ostareliya, Eumillipes persephone, mai ƙafa 1,306, wadda aka zaƙulo daga ramin haƙar ma'adinai mai zurfin kusan mita 60. Naku na lambu ba su kai ko kusa ba. Kada ma ka wahalar da yara da ƙirga ƙafa don gane iri, domin 'ya'yanta da ƙafa shida suke ƙyanƙyashewa, duk lokacin da suka yi saɓa sai gaɓoɓi su ƙaru, ƙafafu su ƙaru. Launi ma yaudara ne. Ƙaramar da ba ta balaga ba takan fi uwarta haske, wadda ta yi saɓa jiya kuma fari-fari take. Mai yiwuwa ja-jar nan taka wani iri ce dabam, mai yiwuwa kuma 'yar baƙar ce. Kama da wane ba ta wane.

Abin da ido zai iya yi shi ne kai ka zuwa rukuni. In jikin mulmulalle ne, dogo, gaɓoɓi sun haura 40, to a ƙasashenmu galibi 'yar rukunin Spirostreptida ce. Cikinsu akwai dangin Odontopygidae, waɗanda Afirka kaɗai ake samunsu: sirara ne, kuma in ka sa gilashin ƙara girma a ƙarshen bayansu sau da yawa za ka ga 'yan ƙayoyi biyu. In kuwa bayan a shimfiɗe yake, kowace gaɓa da ɗan fiffike a gefe, gaɓoɓin wajen 20, babu ido, to Polydesmida ce. Waɗannan ruwan kariyarsu yana da gubar sayanayid kaɗan, wanda bai isa ya cutar da mutum ta fata ba, amma ka rufe su a kwalba da wasu ƙwari, da safe ka tarar da gawarwaki.

Daga rukuni zuwa ainihin suna, sai da namiji baligi. Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu farawa suka fi yin asara, su tara kwalba cike da mata da ƙanana waɗanda ko gwani ba zai iya sa musu suna ba. Ƙirga gaɓoɓi daga bayan kai. Ta farko faffaɗa ce, ba ta da ƙafa. Uku da ke biye kowace ƙafa biyu gare ta. Ci gaba har ta bakwai. A jikin mace ƙafafu na nan jere ba yankewa. A jikin namiji kuwa za ka ga giɓi, domin ƙafafun wurin sun rikiɗe sun zama gaɓoɓin barbara da masana ke kira gonofod. A mulmulallun suna ɓoye cikin jiki, sai an zaro su da bakin allura a ƙarƙashin madubin binciken ƙananan halittu. A masu shimfiɗaɗɗen baya suna waje, gilashin hannu ma zai nuna maka. Kowane iri da siffar nasa: wani ƙugiya, wani murɗaɗɗe, wani da rassa. Iri biyu za su yi kama a girma da launi, sai an duba nan a ga ko kusa ba ɗaya ba ne. Shi ya sa duk masanin da zai bayyana sabon iri, zanen wannan gaɓa ne kan gaba a rubutunsa.

Ku fita da sassafe bayan an kwana ana ruwa, ku ɗaga ganye da tsinke, kada da hannu, saboda kunama ma nan take fakewa. Ɗauki kaɗan daga kowane kama, ka bar sauran. A sa su a kwalba mai sifirit na kemis, mai ƙarfin kashi 70 cikin 100. In aka shanya su sai su karye gaɓa-gaɓa. Sannan takarda, wadda ni a wurina ta fi ƙadandoniyar kanta daraja: sunan wuri, kwanan wata, gindin wace bishiya, laka ce ko yashi, wa ya kama. A rubuta da fensir, don sifirit yana wanke tawada, a jefa takardar cikin kwalbar. Samfurin da ba a san inda ya fito ba, ba ya amfanar kowa. Bakin kogin Shuɗin Nilu, inda garinku yake, wuri ne da ya cancanci irin wannan tattarawa, kuma abin da makaranta ta adana da tsari yana iya zama hujja ga masani nan gaba.

Akwai kuma mazauna ganyen da ido ba ya kamawa. Samo mazurari, ka ɗora rariya a bakinsa, ka zuba ganye mai laima a kai, ka rataya ƙwan lantarki a sama, kwalbar sifirit a ƙasa. Zafi yana busar da ganyen daga sama, su kuma suna gudu ƙasa har su faɗa kwalba. Ɗan Italiya Antonio Berlese ne ya fito da dabarar a 1905, da ruwan zafi, daga baya Albert Tullgren ya mayar da ita ta fitila. In babu wuta, hasken rana ma yana yi. Bayan 'yan kwanaki ku zuba a farin faranti ku raba su da ƙirgar ƙafa, wadda a nan take da amfani: masu shida, ciki har da 'yan mitsi-mitsin Collembola masu tsalle; masu takwas, wato dangin kaska da gizo-gizo, da wata mai hannuwan kunama amma ba wutsiya; sai masu goma sha huɗu, toka-toka, waɗanda 'yan uwan ƙaguwa ne da suka zauna a tudu.

Ka gaya wa yara dalilin ganinta da damina kawai: fatarta ba ta riƙe ruwa, don haka da rani takan nutse cikin ƙasa ko ta shige suri ta jira. In ta fito, ganyen da ta ci take mayarwa 'yan dunƙulen kashi, funfuna da bakteriya su ƙarasa shi ya zama taki. Iyayensu manoma za su ce tana ɓarna, kuma ba su yi ƙarya ba. A Senegal da wasu ƙasashen Sahel an san ƙadandoniya 'yar dangin Peridontopyge da cin irin gyaɗa da aka shuka da ɗanyen kwanso, musamman in ruwa ya ɗauke ta rasa laima. A gonar gyaɗa, a share tarin ciyawa daga bakin kunya kafin shuka. Ganyen gindin mangwaronku kuwa a bar shi inda yake, kada a ƙone, nan za ku riƙa samun abin nazari har ƙarshen Oktoba.