Amsa ga Yaya a Zariya: ɗanka ɗan baya ne a kan ƙanƙara

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, a gaida mini Inna da duk mutanen gida.

Saƙonka ya iso tun makon jiya. Ban amsa da murya ba saboda maganar ta fi ƙarfin minti biyu. Ka ce ka ga bidiyon ɗanka a cikin kaya kamar ɗan lifidi ranar hawan Daushe, ga hular kwano, ga sanda, yana zamiya a kan ƙanƙara. Ka tambayi ko wannan abu, wato wasan hoki na ƙanƙara, sana'a ce da mutum zai ci abinci da ita, da dalilin da ya sa kullum yana baya wasu na cin ƙwallo. Sannan ka faɗi abin da na san shi ya fi damunka: kada wasan Turawa ya raba yaro da salla da karatu. Tambayarka tana kan hanya, domin mu ma Hausawan Edmonton, a nan Kanada, mun sha kai ruwa rana a kanta.

Bari in fara da garin. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙasa a rufe take da dusar ƙanƙara. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe tara saura, kuma huɗu da 'yan mintoci an kira magariba. Akwai ranakun da sanyi ke kai digiri 30 ƙasa da sifili. Yaron da bai da abin yi a waje, wata biyar zai yi a ɗaki da waya a hannu. To a nan kusan kowace unguwa tana da fili da ake kewayewa da katako, a malala ruwa ya daskare, a kunna fitilu. Wannan shi ne dandalinsu. Yadda ni da kai muke sulalewa bayan la'asar mu tafi buga ƙwallon tsumma, haka yaran nan ke rataya takalmin ƙanƙara a wuya su fita. Da na hana ɗanka, da na cire shi daga cikin tsaransa ke nan.

Wasan kansa, hoki suke ce masa. Kowane ɓangare mutum shida ne: gola, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Ba ƙwallo ake bugawa ba, wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri da suke kira fak, nauyinsa kusan giram 170, har daskarar da shi ake yi kafin wasa. Ana yin zubi uku, kowanne minti 20. Saboda tsabar gudu, ɗan wasa ba ya cika minti ɗaya a fili sai ya fita wani ya shiga, wasa na tafiya ba a tsaya ba.

Ɗan baya shi ne lamba huɗu ko lamba biyar ɗinmu na ƙwallo, sai dai aikinsa ya fi wuya ta wata fuska: da baya yake tafiya. Ɗan gaba ya taho da gudun da ya fi na keke, shi kuwa yana zamewa da baya, fuskarsa na kallon mai zuwa, yana auna tazarar da ke tsakaninsu. In ya matsa da yawa a zagaye shi, in ya ja da yawa a samu sararin harbi. Idan aka harbo fak ɗin kuma, aikinsa ne ya sa jikinsa a gaba. Zdeno Chara, wani dogon ɗan baya daga Sulobakiya, an auna harbinsa a 2012 ya kai kilomita 175 a awa. Irin wannan ne mutum ke durƙusawa ya tare da ƙwauri. Shi ya sa ka ga lifidin. In ya ƙwace kuma, bai gama ba, domin shi zai ɗaga kai a cikin daƙiƙa ɗaya, mutum na shirin maka shi da katanga, ya miƙa wa ɗan gaba daidai kan sanda. Yawancin ƙwallayen da ake ci, daga wannan miƙawar ta farko suke farawa, amma sunan wani ake kira a lasifika. Ɗan gaba ya ɓarar da tara ya ci ɗaya, a ɗauke shi a kafaɗa. Ɗan baya ya tare tara ɗaya ta wuce, da ita za a kwana ana zancensa. Ni kam na ji daɗi da kocinsu ya ajiye ɗanka a nan, domin wurin yana son yaro mai haƙuri da sanyin kai, kuma ka san halinsa.

Game da cin abinci da ita, akwai wanda ya kamata ka sani, domin a garinmu aka yanke masa cibiya. Sunansa Rumun Ndur. A Zariya aka haife shi a 1975, iyayensa suka kawo shi Kanada yana ƙarami, ya tashi a lardin Ontariyo. Ɗan baya ne, kuma shi ne haifaffen Nijeriya na farko da ya buga a NHL, babbar gasar duniya ta wannan wasa, wadda yau take da ƙungiyoyi 32 a Amurka da Kanada. Ya yi wasan matasa a garin Guelph. A 1994 ƙungiyar Buffalo Sabres ta ɗauke shi, shi ne na 69 a jerin waɗanda aka zaɓa a shekarar. Ka ji kamar ya iso ko? Sai aka tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Rochester, inda ake tafiyar dare a bas daga gari zuwa gari, mutum na jiran ranar da wani a sama zai ji rauni a kira shi. Ya buga wa Buffalo, ya buga wa New York Rangers, ya buga wa Atlanta Thrashers. Duka-duka wasanninsa a NHL 69 ne, alhali kaka ɗaya ma ta haura wasa 80. Sauran shekarunsa, fiye da goma, a ƙananan gasanni ya yi su, har Ingila ya je ya buga a Coventry da Nottingham. Kuma an fi saninsa da ƙarfi da dambe, domin a wasan nan idan biyu suka yar da safar hannu suka ba hammata iska, hukuncin minti biyar ne a benci, kuma a zamaninsa ƙungiyoyi na ajiye ƙato musamman don kare taurarinsu. Wannan ɓangaren ba na son sa, kuma a wasan yara an haramta shi.

Ina ba ɗanka labarin Ndur fiye da na kowa. Ina so ya san ɗan Zariya ya taka wannan ƙanƙarar, kuma ina so ya ga yadda ƙofar take da ƙunci. A shekara 'yan wasa 224 ake zaɓa daga duk duniya, kuma da yawansu ba sa taɓa buga ko wasa ɗaya a NHL. Wanda ya shiga ma jikinsa ne jarinsa. Bobby Orr, wanda da yawa ke cewa ba a yi ɗan baya kamarsa ba, ya ci kyautar Norris ta gwarzon ɗan baya sau takwas a jere, amma gwiwa ta ajiye shi yana ɗan shekara 30.

Yaranmu sun fi sanin P.K. Subban. Mahaifinsa daga Jamaika ya zo, malamin makaranta ne, ya riƙa kai shi filin ƙanƙarar tsakiyar Toronto cikin dare yana ɗan ƙarami. Ya ci Norris a 2013 yana Montreal, baƙar fata na farko da ya ci, kuma a 2015 ya yi alkawarin tara dala miliyan 10 don asibitin yara na garin. Shekara ɗaya bayan haka ƙungiyar ta musanya shi zuwa Nashville. Haka sana'ar take, da safe kana gari, da yamma a ce ka haɗa kayanka.

Abin da ya fi raba kan iyaye a cikinmu shi ne shekara 16. Yaron da ya yi fice, a wannan shekarun ƙungiyar matasa ta wani gari ke ɗaukarsa, a ba wani gida riƙonsa. Mu ba baƙin riƙo ba ne, kai kanka a gidan Baffa ka yi sakandare. Amma Baffa shi ke tashinka asuba. A can wa zai tashe shi, wa zai duba abin da ke cikin tukunya? Wasu cikinmu sun ce ko kusa, sun mai da 'ya'yansu ƙwallon ƙafa da kwando, waɗanda sun fi araha nesa ba kusa ba. Ban ga laifinsu ba. Ni da uwarsa mun tsaya a kan cewa in ranar ta zo, ba zai tafi gidan da ba mu zauna mun ci abinci da mutanensa ba, kuma in makinsa na makaranta ya sauka, sandar za ta koma bayan ƙofa.

Mu da muka bar yaranmu a ciki, ga yadda muke yi. Kayan tsada ne da su, don haka gado ake yi: takalmi ya matse wannan, ya koma gidan wancan, kuma matan suna da adashin da kwasarsa ke faɗowa daidai lokacin biyan kuɗin rajista. Atisaye yakan kama ƙarfe shida na safe, a lokacin sanyi kuwa alfijir bai keto ba, sai mu tafi da alwala da darduma, mu samu lungu a ginin mu yi asuba. Uba ɗaya ke kwasar yaran gida uku, a cikin motar ana tilawa, kuma dokar motata Hausa zalla. Islamiyya ranar Lahadi ba a taɓa ta. In wasa ya ci karo da ita, tun farkon kaka koci ya san wadda za a bari. A 'yan shekarun nan azumi na faɗowa a ƙarshen hunturu, daidai lokacin wasannin ƙarshe, manyan yaran suna bugawa da azumi a baki, mu kuma muna kan benci da dabino da fulas ɗin kunu. Garin nan ba baƙon Musulunci ba ne, masallacin Al-Rashid tun 1938 aka gina shi. Kuma a 2022, da Nazem Kadri, ɗan wasa Musulmi, ya ci kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, da ƙungiyar Colorado, masallacin garinsu na Landan ta Ontariyo ya kai kofin. Ranar yaranmu sun ga abin da bakinmu ba zai iya gamsar da su ba.

Ba zan ɓoye maka ɗacin ba. An taɓa jefa wa ɗanka kalmar wulaƙanci saboda fatarsa ana tsakiyar wasa. Bai faɗa mini ba sai a mota, yana kallon taga. Na kai ƙara, an hukunta yaron, amma na kwana biyu ina tunanin cire shi. Abin ba sabo ba ne: Akim Aliu, ɗan wasan hoki haifaffen Okene, ya fito a 2019 ya faɗi irin abin da wani koci ya riƙa ce masa, har kocin ya bar aikinsa. Ɗanka ne ya ce zai koma, ya ce in ya bari, abokin tsaron bayansa zai rasa wanda suka saba.

Ranar Asabar suna da wasa ƙarfe bakwai na safe, wato uku na rana a wajenku. Zan kira ka ta bidiyo. Kada ka bi fak ɗin da ido, ba za ka gan shi ba. Ka duba mutum biyun da ke komawa da baya idan aka taso, na hagun shi ne naka. Ka ce wa Inna kukar da daddawar sun iso.