Gini a kan teku: zai kwashe shara ba tare da ya zama shara ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za a iya yin gini a teku da zai riƙa kwashe robobi, masu bincike su zauna ciki, shi kuma bai gurɓata ruwan ba. Za a iya, sai dai teku ba ta da sassauci. Gishiri yana cin ƙarfe, igiyar ruwa ba ta hutawa. A 2018 ƙungiyar The Ocean Cleanup, wadda wani ɗan ƙasar Holland mai suna Boyan Slat ya kafa, ta kai wani shinge mai yawo na tare robobi, tsawonsa mita 600, tekun Pasifik. Kafin shekarar ta ƙare ya tsage, dole aka janyo shi gyara.

Shi ya sa ni na fi gamsuwa da tare shara tun daga bakin kogi. A Baltimore ta Amurka, tun 2014 akwai na'urar da gudun ruwa ke juya wa babbar taya, in gudun ruwan ya yi rauni lantarkin hasken rana ya karɓa. Sannu a hankali take ɗago kwalabe da guntayen sigari tana zubawa a kwandon shara.

Batun bincike kuwa, duba Aquarius, ɗakin gwaji da ke ƙarƙashin ruwa kusan mita 19 a gaɓar Florida. Murjani, wata halittar teku mai kama da dutse, ya tsiro a jikinsa, kifaye sun mai da shi gida.