Ku Tambaya Mu Amsa: Shin alƙalami ya taɓa kayar da babban kamfani?

Tambaya: Baba, ni ɗalibar aikin jarida ce a Yamai, amma gidanmu na Tawa. Da na je hutu kawuna ya ce ɓata lokaci nake yi, wai ɗan jarida bai taɓa girgiza mai kuɗi ba. Ko akwai inda rubutun jarida ya karya kamfanin da ya yi babakere a kasuwa?

Amsa: Ɗiyata, ki gaishe da kawu, ki kuma ba shi labarin Ida Tarbell, wata ƴar jarida ta Amurka.

A 1870 John D. Rockefeller ya kafa Standard Oil a jihar Ohayo ta Amurka. Cikin shekara goma kamfanin ya riƙe kusan kashi 90 cikin 100 na tace mai a ƙasar, lokacin da kananzir ɗin fitila ne babban abin sayarwa. Dabararsa kuwa kawu zai fi ni gane ta. A ce babban ɗan kasuwa guda ya haɗa baki da masu motocin da ke ɗaukar albasa daga Galmi: kowa ya biya jaka biyu kan buhu, shi a maido masa da rabi a ɓoye, sannan a yanko masa wani abu daga kuɗin da abokan gasarsa suka biya. Wa zai kai kaka biyu yana gogayya da shi? Irin wannan yarjejeniya aka ƙulla da kamfanonin jirgin ƙasa a 1872. Ƙananan masu mai na jihar Fensilbaniya suka yi bore, cikinsu har da mahaifin Tarbell. Tana ƴar shekara 14 ta ga abin da idonta.

Bayan shekara 30 ta dawo da alƙalami. Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurinta. Ta bi takardun kotu da rahotannin binciken majalisa shafi bayan shafi, ta zauna da Henry Rogers, ɗaya daga manyan kamfanin, ta ji ta bakinsu. Har ta nuna yadda ma'aikatan jirgin ƙasa ke tsegunta wa Standard Oil inda kayan abokan gasa suka nufa, don a riga su zuwa wurin mai saye. Mujallar McClure's ta buga binciken kashi 19, daga 1902 zuwa 1904. Ni kam duk sanda matashi ya kawo mini labarin "an ce, an ce" a ofis, ita nake tunawa kafin in tambaye shi: ina takarda?

To amma kada ki cika baki gaban kawu, don yana da tasa gaskiyar. Dokar Sherman mai hana babakere tana nan tun 1890, kuma sai da gwamnatin shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ta shigar da ƙara a 1906. Kotun ƙoli ce ta raba kamfanin gida 34 a 1911. Tarbell ta tona asiri, ta sa jama'a suka fusata, alƙalai suka yanke hukunci. Rockefeller kuwa ya samu hannun jari a dukkan sababbin kamfanonin, darajarsu ta hau, dukiyarsa ta ƙaru. Biyu daga cikinsu, waɗanda daga baya aka sani da Exxon da Mobil, sun sake haɗewa a 1999.

In kin koma Tawa, ki zauna da kawu ki tambaye shi yadda ake yanke kuɗin ɗaukar buhu a tasha, da wanda ke yanke shi. Ki tafi da littafin rubutu.