Kwana a tanti a dajin Masai Mara: akwai haɗari?

Malam, ka ce kana shirin tashi daga Legas zuwa Masai Mara a Kenya, amma kwana a tanti cikin namun daji yana ba ka tsoro.

Kwantar da hankalinka. Tantin babba ne, da gado da banɗaki a ciki. Ƙananan sansanonin dai da yawa ba su da shinge. Ni da dare na ji kukan kura, da safe ga sawun dorina dab da ƙofa! Shi ya sa bayan magariba ba a fita sai mai gadi ya zo da tocila ya raka ka. Kada ka ajiye abinci a tanti, birai ba su da kunya.

Mu 'yan Agege da muka saba da zafi, kuskurenmu shi ne tafiya ba rigar sanyi. Sanyin asubar can ba wasa ba ne. In kuma ƙaramin jirgi za ka hau daga filin Wilson na Nairobi, kaya yawanci kilo 15 ne kawai.

Ka sanar da masu sansanin tun da wuri cewa abincin halal kake ci. Alƙibla a can kusan arewa take.

Maganin kariya daga maleriya da katin rigakafin zazzaɓin shawara kuwa, ka ga likita makonni kafin tafiya.