Kada ka rubuta "babu" tun damina ba ta sauka ba

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce kamfaninku zai yi gidaje a bakin wata fadama can wajen Millennium City a nan Kaduna, an ɗora maka duba ko akwai kwaɗi da masu jan ciki irin waɗanda ke neman ƙarewa. Ka je sau biyu a watan Fabrairu, ba ka ga ko kulɓa ba. Shi ne kake tambaya ko ka rubuta babu, da kuma ko gaskiya ne magabata ba sa taɓa fili sai damina ta wuce a kansa.

Gaskiya ne, a gidanmu dai haka aka yi. Kakanka, Allah ya jiƙansa, ba ya kafa turke a fili sai ya gan shi da rani ya gan shi da marka. Ba don kwaɗi yake yi ba, tsoron ruwa yake. Amma hanyar ɗaya ce, domin inda ruwa ke kwana nan waɗannan bayin Allah suke.

Fabrairu kuwa ba lokacin ganinsu ba ne. Ina yaro muna haƙar ƙasar tubali a wani kududdufi da ya bushe ƙayau, sai fartanyata ta taɓo wani abu kamar faranti. Ashe kififiya ce ta binne kanta cikin laka tana jiran ruwa, bayanta laushi kamar fata, ta zuro dogon wuya tana neman cizo. Kwana uku muna tattake wurin ba mu sani ba. Haka wasu kwaɗin ke yi, su shige ƙasa su yi shiru wata da watanni. To kai da ka je da rana tsaka cikin hunturu, me kake sa ran gani?

Ka koma bayan ruwan farko mai ƙarfi, cikin Mayu ko Yuni, bayan isha'i, da tocila da takalmin roba. Ka tsaya cik ka kasa kunne. Kowane irin kwaɗo da kukansa: na burduddugi kauri gare shi, na ƙananan da ke maƙale a ciyawa kamar ana kaɗa ƙaramar ƙararrawa. Ɗauki muryoyin a wayarka ka kai wa masana a jami'ar Zariya su rarrabe maka. Da safe ka duba ƙwai da 'ya'yan kwaɗi a ruwan da ya kwanta. Kuma dare ɗaya ba ya isa.

Kafin nan ma ƙasar za ta iya ba ka labari. In akwai suri kusa da ruwa ka duba shi da kyau, guza na zuba ƙwai a cikinsa. Tsohon rami a gindin kuka ko ƙarƙashin dutse ɗakin mesa ne ko damo. Tudun yashi a bakin kogi nan kada da kififiya ke binne ƙwansu, shi ya sa raina ke ɓaci in na ga masu tifa sun kwashe shi tas. Saɓar maciji, sawun jela a kan laka, ɓawon kunkuru inda aka yi gobarar daji, duk shaida ce. In wurin zaman na nan, kuma bai yanke da kogi ba, ka rubuta cewa akwai yiwuwar suna nan, ko da idonka bai gani ba.

Sannan ka tambayi masu wurin. Masunta, maharba, Fulanin da ke shayar da shanu a nan, masu noman rani. Ka je da goro ka zauna, kada ka tsaya a kansu da takarda. Tambaye su yaushe rabonsu da ganin abu kaza, a wane wata, a wace kusurwa. Ka tuna sunan garin nan ma daga kadduna ya samo asali, amma yau yawancin yaranmu sai an kai su lambun Gamji kafin su ga kada.

Na san za a matsa maka ka sa hannu da wuri. Dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli tana nan tun 1992, ita ce garkuwarka. Addini ma yana bayanka: wani mai magani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kan sa kwaɗo cikin magani, ya hana shi kashe shi. In wannan aka hana, ina ga a binne fadama guda da katafila? Ka ce musu a bar bakin ruwan da tazara, a ɗage sharar wurin har a gama dubawa. Su ma masu shiga gidajen alheri ka yi musu, ka ga dai yadda kogin ke yi wa mutanen Kigo Road in ya cika.

Ka zo ran Asabar da hantsi. Akwai wani tsohon masunci abokina a Kabala, zan kai ka wurinsa. Ka gaida mahaifiyarka da yara.